Zomayena biyu sun daina fitsari a wurinsu, sun koma yi ko'ina a ɗaki

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Gyaɗi-Gyaɗi nake. Na saya wa yarana zomaye biyu, mace da namiji, tun suna 'yan wata biyu. Tare suke ci, tare suke kwana, har lasar juna suke yi. Da farko lungu ɗaya suke zuwa su yi fitsari da kashi, na ajiye musu roba a wurin, muka zauna lafiya. Yanzu sun cika wata 5, namijin ya fara fesa fitsari a bango da kujera har da jikin macen, ita kuma sai ta haye katifa ta tsuguna. Kashi kuwa ba a magana. Maigida ya ce ko dai a mayar da su tsakar gida ko a yanka. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Zomayenki ba mantuwa suka yi ba, ba kuma ƙeta suke miki ba. Balaga ce ta zo musu. Ƙananan nau'in zomaye kan balaga tun daga wata 3 da rabi zuwa 4, matsakaita kamar waɗanda aka fi sayarwa a kasuwanninmu tsakanin wata 4 zuwa 6, manyan kuma sukan ɗan ƙara. Ɗan zomo ba shi da abin karewa, shi ya sa yake bin lungu ɗaya ba gardama. Baligi kuwa yana da gida, yana da mata, kuma da wari yake shaida cewa nasa ne.

Kafin maganar bango da katifa akwai wadda ta fi gaggawa. Namiji da mace 'yan wata 5 a wuri ɗaya, ba a yi wa ko ɗaya aikin hana haihuwa ba, abu ne mai yiwuwa ƙwarai macen tana da ciki yanzu haka. Zomanya ba ta da lokacin barbara kamar akuya, hawan namijin ne ke sa ta saki ƙwai, cikin kuma kwana 31 ne ko kusa da haka, kuma tana iya ɗaukar wani a ranar da ta haihu. Ki raba su yau, kowa da kejinsa, kejunan suna kallon juna amma da tazarar faɗin tafin hannu a tsakani, domin ta jikin raga ma ana yin barbara, ana kuma cizo. Idan kika ga ta fara kwasar ciyawa a baki tana figar gashin ƙirjinta, ki sa mata akwati ko kwali mai ƙarfi da busasshiyar ciyawa a ciki.

Sai ki zauna ki kalli fitsarin da kyau, don iri uku ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko feshi. Zomon yana cikin gudu sai ya murɗa ƙugu ya watso fitsari gefe, ya sami bango ko ƙafar kujera ko zanin mutum, wani lokaci har tsayin gwiwa ko sama da haka. Ba shi da yawa amma warinsa ya fi na kullum ƙarfi. Sau da yawa za ki ga kafin nan yana kewaya macen ko ƙafafunki yana wani ɗan gunji ƙasa-ƙasa. Fesa wa macen da yake yi neman aure ne irin nasu. Mata ma sukan yi feshi, sai dai bai kai na maza ba. Na biyu tsuguno da gangan: ta zaɓi wuri, ta ja da baya, ta ɗaga bindi, ta saki fitsari cikakke. Idan wurin katifa ne ko kushin ko tarin kayan wanki, to warinku ne ya yi yawa a can, wurin kuma yana da laushi yana tsotsewa, sai ta ɗora nata warin a kai. Wannan ma shata iyaka ne. Haka goga haɓa da suke yi a jikin kaya, akwai wani maiƙo da ke fita a ƙarƙashin haɓar wanda hancinmu ba ya ji. Kashin da ake warwatsawa ɗai-ɗai a bakin ƙofa da gefen bango shi ma alama ce, ba kamar wanda aka tara a lungu ba.

Na uku shi ne wanda ba na so ki ɗauka rashin tarbiyya ne. Idan fitsarin ɗiga yake yi a inda zomon ya kwanta, ko gashin cinyoyi da ƙarƙashin bindi kullum a jiƙe, ko ya tsuguna yana nishi ba abin da ya fito sai 'yan ɗigo, ko fitsarin ya yi kauri kamar an dama farar ƙasa, ko ya ƙudundune yana taunar haƙora ya ƙi abinci, wannan ciwo ne: laka ko tsakuwa a mafitsara, ƙwayar cuta, ciwon ƙoda, ko a tsofaffi ciwon baya da ke hana su ɗaga ƙugu. A yadda kika bayyana, naki na farko da na biyu ne. Amma ki juya kowannensu ki duba ƙarƙashinsa, musamman da damina, domin fatar da fitsari ya jiƙa ƙudaje na yi mata ƙwai, tsutsa kuma tana iya ƙyanƙyashewa kafin kwana ɗaya ya cika.

Maganin feshi na gaskiya shi ne fiɗiya. Duk dabarar bahon fitsari da zan faɗa miki a ƙasa ba za ta tsayar da namijin da ba a fiɗiye ba, don ba rashin sanin wurin fitsari ke damunsa ba. Ya san wurin sarai, yana kuma zuwa can in fitsari ya matse shi. Feshin wani aiki ne dabam da sinadaran balaga ke sa shi. Ana iya yi wa namiji aikin da zarar 'ya'yan marainansa sun sauko, yawanci likitoci sukan jira ya kai wata 4, mace kuma tsakanin wata 4 zuwa 6. Naki duka sun isa, sai dai macen a fara tabbatar da maganar ciki tukuna.

A nan ne nake so ki yi taka-tsantsan, domin mu a Kano mun saba da dandaƙar bunsuru da ɗaure maraina da roba, kuma za a samu wanda zai ce miki zai yi wa zomon a gida da reza. Kada ki yarda. Ƙirar zomo dabam ce: hanyar da ke tsakanin jakar marainansa da cikinsa a buɗe take har ya mutu, shi ya sa in ya tsorata yake iya janye su ciki. Wanda ya yanka bai rufe wannan hanya ba, hanji ko mafitsara na iya zurarowa ta nan. Aiki ne na likitan dabbobi, da maganin sa barci, da ɗinki, da maganin rage zafi bayan an gama. Ki fara tambaya a asibitocin dabbobi na cikin gari kamar na Gwale da na Kundila da masu zaman kansu, idan kuma ba a dace ba akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ba kowane likita ne hannunsa ya faɗa a kan zomo ba, kuma ba rashin kunya ba ne ki tambaya ko ya taɓa yi, sau nawa, kuma wane maganin rage zafi zai ba ki ki tafi da shi. Ki tambaya kuma ko za a hana shi abinci kafin aikin. Ana hana kare da kyanwa saboda gudun amai, amma zomo ba ya amai, hanjinsa kuma ba ya son tsayawa. Ya ci ciyawarsa har zuwa safiyar aikin, ki kuma tafi da ganyen da ya fi so. Bayan aikin, idan aka yi awa 12 bai ci komai ba, bai yi kashi ba, ki koma asibiti a lokacin, kada ki bari sai gari ya waye. A sa aikin da sassafe, kuma in watan Afrilu ne ko Mayu da zafi ke haura digiri 40, ki tanadi ɗaki mai sanyi da zai yi jinya, da gidan sauro ko raga saboda ƙuda.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne a mayar da shi wurin macen washegari. Maniyyi yakan saura a jikinsa har mako 4 zuwa 6, yana iya yi mata ciki a wannan tsakanin. Ki cika mako 6 cur. Feshin ma ba ya ɗaukewa rana ɗaya, yakan ragu a hankali daga mako na biyu zuwa wata 2. Wanda aka yi wa da wuri kamar naki ya fi saurin dainawa, wanda ya shekara biyu yana yi kuwa wani ɓangaren ya riga ya zame masa ɗabi'a.

Macen fa? Nata aikin ya fi girma tunda buɗe ciki ne a cire mahaifa da gidan ƙwai, ya fi kuma tsada. In kuɗin aiki ɗaya ne a hannu, a fara da namijin. Amma ra'ayina shi ne a yi mata ita ma idan an sami ƙwararre. Ko fiɗiyayye ne ya hau ta tana iya yin cikin ƙarya na kwana 16 zuwa 18, ta figi gashi, ta yi faɗa, ta dawo da fitsarin katifa. Ga shi ciwon dajin mahaifa yana yawan kama zomanyar da ta haura shekara 3 zuwa 4 ba a yi mata aikin ba. In kuwa ba a sami wanda ya iya ba, gara a bar ta haka da a koyi aiki a jikinta. Idan kuma niyyarku su riƙa haihuwa ne, to maigida ya fi ki gaskiya a rabin maganarsa: zomayen kiwo ba na falo ba ne, kowa kejinsa a inuwa, a haɗa su lokacin barbara kawai.

Bayan mako 6 ba haɗa su za ki yi kai tsaye a kejin ɗaya daga cikinsu ba, mai kejin zai kare gidansa. Ki nemi wurin da babu wanda ya taɓa zama, kamar banɗakin da aka wanke ya bushe ko soro, ki zuba ciyawa a tsakiya, ki sake su minti 10 zuwa 15 kina tsaye, kullum ki ƙara lokaci. Hawan juna da ɗan bi da gudu ba komai ba ne, girma ake rabawa. Idan suka sarƙe suna juyi gashi na tashi, ki raba da faffaɗan kwali, ba da hannu ba. Ranar da kika ga suna kwanciya jiki da jiki, ɗaya na lasar kan ɗaya, sun koma yadda suke. A makon farko ko na biyu na wannan haɗuwa kashi zai sake warwatsuwa, har da ɗan fitsari. Kada ki ce aikin bai yi ba, kowa yana sake sa hannu ne a sabon gida, kuma yakan lafa da kansa.

Koyar da baho daga ƙuntata wuri yake farawa. Zomon da aka sakar wa falo da uwar ɗaki gaba ɗaya yana da iyakoki masu yawa da zai shata. Ki kewaye musu kamar mita 2 a tsawo, mita 1 da rabi a faɗi, a kan tayil ko leda, da kwali a shimfiɗe a wani sashe don kada santsi ya dame su. Robar da kika saya suna ƙanana ta yi musu kaɗan yanzu. Ki shiga 'yan robobi a Ƙofar Wambai ki nemi baho mai kusurwa huɗu, kamar santimita 60 da 40, wanda su biyun za su shiga su juya, tsayin bakinsa santimita 12 zuwa 15. Ki sayi biyu. Dalilin shi ne a tsakanin zomaye biyu akwai babba, kuma sau da yawa babban yakan kwanta a cikin bahon ya mayar da shi gado, ƙaramin ya zo ya rasa hanya sai ya yi a gefe. Duk lokacin da kika riƙa ganin fitsari daf da baho, ɗayan biyu ne: ko an tare hanya, ko bakin ya yi gajere har in zomon ya ja da baya ƙugunsa na leƙawa waje. Na biyun maganinsa baho mai zurfi, a yanke gefe ɗaya ya zama ƙofa. In kina son sanin wane ne mai laifin, jingine waya ki ɗauki bidiyo da asuba ko gab da magariba, lokutan da suka fi kai-komo. Ya fi raba su, don rabuwa tana taɓa shaƙuwar da kika sha wahalar gyarawa.

A ƙasan bahon ki shimfiɗa tsohuwar jarida ninki 8 zuwa 10 ko yagaggen kwali, a sama ki zuba busasshiyar ciyawa da yawa, ki tara ta ta gefe ɗaya. Ciyawar ita ce sirrin. Zomo yana ci yana kashi ne, a yini yakan zubar da ƙwaya 200 zuwa 300, to duk inda ciyawa take nan mafi yawan kashin zai sauka. Kada ki ajiye ciyawa a wani wuri sai cikin bahon ko a rataye a samansa. Garin katako da ake kwasowa a 'yan katako na Na'ibawa ban ba ki shawararsa ba: ƙurarsa tana shiga hanci da ido, ba ki san itacen ba, wani ma an yi masa maganin gara. Yashi tonawa za su yi su watsar. Ƙasar bahon kyanwa irin wadda ke dunƙulewa in ta jiƙe kuwa haɗari ce, in ya ci tana toshe hanji.

Bahon ki sa shi a lungun da suka zaɓa, ba wanda ya yi miki ba. Idan an yi a waje, ki dangwale fitsarin da takarda ki jefa cikin bahon, ki share kashin shi ma ki zuba a ciki. Kullum ki canza jarida da ciyawar da ta jiƙe, amma a makon farko kada ki wanke bahon tas, ki bar ɗan wari ya riƙa kiransu. In kin ga ɗaya ya ja da baya zuwa lungu ya ɗaga bindi, ki kora shi a hankali zuwa bahon, ya yi a ciki ki ba shi ɗan karas kamar kan yatsa. Duka da tsawa da dangwara masa hanci a fitsari ba sa koya masa komai sai tsoro, zomon da ke cikin tsoro kuma ƙara shata iyaka yake yi. Ki hana yara ɗaukarsa ta kunne, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu ake sawa, don in ya yi wutsil-wutsil a rataye ƙashin bayansa na iya karyewa. Sai an yi mako guda ba kuskure ki ƙara musu fili kaɗan, in an koma gidan jiya ki sake ragewa. Katifa da kushin su ne na ƙarshe, bayan wata guda ko fiye, wasu zomayen ma har abada gara a rufe musu ƙofar uwar ɗaki.

Wurin da aka taɓa yi kuwa, muddin warin na nan za a koma. Fitsarin zomo yana barin wani farin ɓawo, abin da ke narkar da shi shi ne farin kal, wato binega, rabi da rabi da ruwa. Ki zuba, ki bar shi minti 10, ki goge, ki ɗauraye. Daɓen siminti yana shan fitsari, sai an maimaita sau biyu ko uku, in ya ƙi ki rufe wurin da leda ko ki ɗora bahon a kai. Katifa a danne da tsumma a tsotse, a sa kal, a kai rana. Kada ki taɓa haɗa kal da Hypo ko Jik, iskar da ke tashi guba ce gare ki da yara da zomayen. Izal da Dettol da turaren wuta rufe warin kawai suke yi a hancinmu, shi kuwa sabon wari ne ya shigo masa gida wanda sai ya danne da nasa, hayaƙin kuma yana damun numfashinsa. Maganar dardumar sallah kuwa, a mazhabar Malikiyya fitsarin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne muddin ba ta cin najasa, amma ki ɗage ta sama, tana cikin abubuwan da suka fi jawo su.

Abinci ma yana da hannu, kuma a nan garin ana yawan kuskure a kansa. Yawancin dabbobi suna tsotsar kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi, gwargwadon buƙata ne, zomo kuwa yana kwasar kusan duk abin da ya samu, rarar ta fita ta fitsari. Shi ya sa fitsarinsa yake ɗan fari-fari kamar tsari, wannan ba ciwo ba ne. Launinsa ma yana sauyawa daga ruwan ɗorawa zuwa ja-ja saboda ganyen da ya ci, ya washe cikin kwana biyu ko uku. Jini kuwa yakan zo da zare-zare ko gudaji, kuma a mace yana iya zama daga mahaifa. Matsalar tana farawa ne in an ɗora shi a kan abincin kajin ƙwai, wanda kalsiyam ɗinsa ya kai kashi 3 da rabi zuwa 4 cikin 100 saboda ɓawon ƙwai, alhali baligin zomo bai buƙaci ko kashi 1 ba. Rarar tana kwanciya a mafitsara kamar laka, ya riƙa ɗiga yana jin zafi, ya tsani bahon. Harawar gyaɗa da ta wake suna da kyau ga masu tasowa da mai shayarwa, amma ga baligi ƙari ne kawai. Haka zogale da alayyahu, kaɗan-kaɗan. Kanwa kuma ba ya buƙatarta. Gindin abincinsa ciyawa ce irin su harƙiya da kyasuwa da burburwa, ɗanya ko ingirici, tulin da ya kai girman jikinsa kullum, wadda ba a yi wa feshin magani ba kuma ba ta yi funfuna ba. Ruwa yakan sha mililita 50 zuwa 150 ga kowane kilo na nauyinsa a yini, da bazara ya fi haka. Ki zuba a kasko mai nauyi da ba zai kife ba, sun fi sha a buɗaɗɗen mazubi fiye da kwalba mai bututu, yawan shan kuma shi ke wanke mafitsara.

In kin ga alamar ciwon fitsari kada ki aika kemis a sayo Ampiclox ko amoksisilin a ɗura masa. Dangin fenisilin ta baki suna kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci a hanji, zawo ya biyo baya, kuma yana kisa. Likita zai gwada fitsarin, in ya cancanta a ɗauki hoto, tsakuwar zomo tana fitowa fili a hoton.

Ko bayan komai ya daidaita, wani lokaci za a wayi gari da fitsari a bakin ƙofa. Ki tambayi kanki me ya shigo: kyanwar maƙwabta a taga, ɓera, ragon layya a tsakar gida, sabuwar kujera, baƙi da suka kwana, ko yara sun taɓa wani zomon suka dawo. Ki ƙuntata wurin kwana uku zuwa biyar, yakan wuce. Sannan duk ranar da za a kai ɗaya asibiti bayan sun sake shaƙuwa, a tafi da su biyun a kwando ɗaya, domin wanda ya dawo shi kaɗai da warin asibiti ɗan'uwansa na iya ɗaukarsa baƙo, a koma faɗa da feshi.

Idan a ƙarshe tsakar gidan aka zaɓa, a nemi inda rana ba ta kaiwa ko da azahar, keji ɗagagge daga ƙasa mai raga ƙanana saboda ɓeraye da kyanwa, da katako ko kwali a wani sashe don kada waya ta ci musu tafin ƙafa. Zafin da ya haura digiri 30 yana galabaitar da zomo, ba ya gumi, ta kunnuwa yake rage zafi. Da bazara ki riƙa sa musu gorar ruwa mai ƙanƙara naɗe da tsumma su jingina, ki shafa musu ruwa a kunne da rana tsaka. Bahon nan da ciyawarsa shi ma ya bi su cikin kejin, a lungun da suka fara zaɓa.